Lambar matsin injin dizal: wacce za a ɗauka cikin waɗanda ke intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Usta. Ina tuƙa Land Cruiser mai injin dizal tsakanin garin Gadarif na Sudan da gonakin dawa. Kwanan nan ba ta tashi da safe sai da wahala. Na duba intanet in san matsin da ya kamata injin ya kasance da shi, wani ya rubuta 22, wani 18, wani ma 15. Makanike kuma ya ɗaura ma'auni ya ce ya ga 30. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai yiwuwa babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa dai injin da yake magana a kai daban. Land Cruiser sunan mota ne, injunan da Toyota ta ɗora mata kuwa suna da yawa. Injin 1HZ mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya cika hanyoyin Sudan, matsinsa wajen 22.4 zuwa 1 ne. Ɗan'uwansa 1HD-T, girmansu ɗaya amma shi yana da turbo, 18.6 zuwa 1. Sabon 1GD mai lita 2.8 da ke cikin Hilux da Prado kuwa 15.6 zuwa 1. Wanda ya rubuta lamba bai faɗi sunan injin ba, bai faɗa maka komai ba.

Bambancin daga ƙira yake. A 1HZ nozul ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin, sai cikin wani ɗan ɗaki a kan injin, kuma zafi yana zurarewa ta bangon ɗakin. Dole a matse iskar sosai kafin ta yi zafin da mai zai kama, tunda dizal ba shi da fulogin wuta. Injin da ke fesawa kai tsaye ba ya asarar zafi haka, idan kuma turbo na cusa masa iska, sai a rage matsin don kada fistin da gaskit su sha wuya. Mazda ma ta sauke nata har 14 zuwa 1 a 2012. Saboda haka masu rubuta cewa duk injin da lambarsa ta fi girma shi ya fi ƙarfi, ba su san aikin ba.

To, 30 ɗin makanike fa? Nan ne akasarin rubuce-rubucen intanet suke cakuɗa abu biyu. Lambar 22.4 lissafin fili ne: girman cikin silinda idan fistin yana ƙasa, a raba da abin da ya rage idan ya hau sama. A 1HZ kowace silinda tana shaƙar kimanin siisi 694, ta matse shi cikin wajen siisi 32. Wannan ba ya canjawa don inji ya tsufa. Abin da ma'auni ke nunawa kuwa ƙarfin iskar ne a lokacin da sitata ke juya inji, shi ne ke raguwa idan ringi ko bawul sun ci. Littafin gyara na Toyota ya sa wa 1HZ kilogiram 37 a kowace murabba'in santimita, mafi ƙaranci 27. Idan naka 1HZ ne, 30 ya nuna inji ya gaji amma bai mutu ba. Sai dai ka tambayi makaniken: a inji mai zafi ya auna? Batir cike yake? Duk silinda shida ya gwada? Batir mai rauni kaɗai yana sauke lambar, kuma idan tazarar silinda ɗaya da wata ta wuce 5, wannan ya fi damuna a kan 30 ɗin kansa.

Inda lambar 22.4 ɗin take da amfani shi ne ranar da aka buɗe kan inji. Faɗin silindar 1HZ milimita 94 ne, don haka ƙarin rabin milimita a kaurin gaskit yana sauke matsi daga 22.4 zuwa wajen 20. Na sha ganin motar da aka gyara ta koma fitar da farin hayaƙi da safe, dalili kawai an sa mata gaskit ɗin da aka samu a kasuwa, ba a auna yadda fistin ya leƙo saman buloka ba.

Kafin a kwance maka inji, a gwada nozul da hita guda shida masu ɗumama cikin inji kafin ya tashi, don 1HZ ba ya son tashi da sanyin safiya idan hita ta mutu. A duba matatar iska ma, ƙurar gonakin Gadarif ita ke cinye ringi. Sunan injin yana jikin farantin ƙarfe a cikin bonet, da shi za ka nemi littafin gyaransa.