Ki dakata tukuna, ɗinkin ciki bai haɗe ba

'Yar'uwa sannu da jiki, Allah Ya ƙara lafiya. Kin ce sati uku ke nan da yi miki aikin ƙarin mahaifa, ɗinki ya bushe, girkinki ya zagayo kuma kina jin nauyin maigida. Don Allah ki dakata.

Ni ma tsaga ni aka yi, daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim aka kai ni Kano. Abin da ya ruɗe ni shi ne bakin ciwon nan na ƙasan cibiya, sati biyu ya kame tas, na ɗauka na warke. Ashe akwai wani ɗinkin a jikin mahaifar kanta, ido ba ya ganinsa, kuma ya fi na waje jinkirin haɗewa. Likita ta ce mini sati 6, shi ma sai ta duba ni ta ba da izini. A sati na huɗu na ciccibi jarkar ruwa daga bakin rijiya, da daddare sai ga jini a zanena, marata kamar ana murɗa ta. Jarka kawai fa, ina ga kwanciyar aure? Wadda aka cire wa mahaifar gaba ɗaya kuwa, nata jiran yakan kai sati 8 ko fiye.

Kunya ta hana ni yi wa maigidana bayani. Ranar komawa asibiti sai na roƙe shi muka shiga tare, ya ji daga bakin likita, bai ƙara tayar da maganar ba. Ki gwada hakan.

Abin da ya fi damuna da matanmu shi ne saurin ɗaukar ciki. Ni wata 6 aka ce in jira, aka ba ni maganin tazarar haihuwa, domin mahaifar da ba ta gama warkewa ba tana iya fashewa idan ciki ya tsufa. In ya samu kuma, haihuwar asibiti ce, wataƙila ma ta tiyata.

Ƙawaye za su kawo miki matsi da turaren tsugunno. Ki karɓa ki yi godiya, amma kada ki cusa komai a gabanki. Ranar da kuka koma kwanciyar aure, ku bi a hankali, kin ji zafi ku tsaya. Jini mai yawa, ruwa mai wari ko zazzaɓi, a ranar za ki nemi mota ko babur zuwa asibiti, kada ki jira ranar kasuwa.