Garin da rana ba ta fitowa, da kyamarar da aka bari ba makulli

Tambaya daga wani ɗalibi a Garwa: Malam, abokina ya nuna mini bidiyon wani gari a wayarsa, ƙarfe goma sha biyun rana amma fitilun titi a kunne, ga ƙanƙara ko'ina. Ya rantse kai-tsaye ne. Ni na ce haɗi ne. Wa ke da gaskiya?

Ƙanena, ka je ka ba abokinka haƙuri, in da hali ka haɗa masa da shayi. Akwai garuruwa a can ƙuryar arewacin duniya da rana ke ɓace musu makonni a jere. Ɗauki Tromso a ƙasar Norwe, wanda yake kimanin kilomita 350 arewa da layin da ake kira da'irar Aktik. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa, sai wani haske mai shuɗi-shuɗi na 'yan awoyi da tsakar rana, irin na bayan sallar asuba. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli kuma ba ta faɗuwa sam. Dalili shi ne duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana. Mu da Garwa take wajen digiri 9 daga tsakiyar duniya ba ma jin abin sosai, su da suke kusa da digiri 70 a kansu yake ƙarewa.

Ganin kuwa ba wuya. Hukumomin gari, na tituna, otal-otal da tashoshin jiragen ruwa suna kafa kyamarori da gangan don kowa ya kalla. Ni shafin Windy, mai taswirar yanayi, na fi so: buɗe taswirar, kunna ɓangaren kyamarori, ja ta zuwa arewa, danna wadda ka ga dama. A YouTube ma rubuta Tromso ko Rovaniemi, wani gari a ƙasar Finland, tare da kalmar live. Wani abin daɗi, a lokacin hunturu agogon Norwe daidai yake da namu na Kamaru da Cadi, don haka in ladan ya kira azahar a unguwarku, ƙarfe nawan da ke hannunka shi ne nasu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne suke gaba da mu da awa guda. In duhu na gaske kake nema, nemi Longyearbyen a tsibiran Svalbard cikin Disamba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Marwa: Na bar bidiyon a kunne ina aikin gida, forfe na wata guda ya ƙare a kwana biyu. Me ya faru?

Hajiya, ƙanƙarar Turai ce ta cinye miki mega. Bidiyon kai-tsaye ba ya ƙarewa, kuma matsakaicin inganci ma yana iya jan wajen rabin giga a awa. Sauke shi zuwa 240p, kalli minti biyar, ki rufe.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kuseri: An turo mana wani shafi a zauren WhatsApp mai nuna cikin shaguna da ofisoshi har da falon gidajen mutane a ƙasashen waje. Ya fi kallon teku daɗi. Ya ɓace mini, ko za ka taimaka da adireshinsa?

Alhaji, ba zan bayar ba, kuma ina roƙonka ka zauna mu yi magana, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kyamarar da hukumar gari ta ɗora a kan gada, ta sa ta a shafinta ta ce jama'a su kalla, daban take da kyamarar da wani bawan Allah ya kafa a falonsa don ya riƙa duba 'ya'yansa daga wurin aiki. Mai falon bai gayyace ka ba. Laifinsa kawai shi ne ya sayi na'ura ya jona ta da intanet ya bar kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, irin su admin da 12345. Akwai manhajojin da aikinsu dare da rana shi ne yawo a intanet suna gwada waɗannan kalmomi a kan kowace kyamara, wadda ta buɗe a zuba ta cikin jerin. A 2014 an gano wani shafi da ya tara sama da kyamarori 73,000 ta wannan hanya, har da na ɗakunan kwanan yara. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu da wannan dabara, aka yi amfani da su aka kai harin da ya hana jama'a shiga manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon awoyi.

Ka san ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Ka san ta Hujurati da ta hana bin diddigin sirrin mutane. Nisan ƙasa bai goge su ba, kuma kasancewar matar gidan Baturiya ce bai halatta maka kallonta tana shayar da ɗanta ba. A fannin hukuma ma, Kamaru tana da dokar 2010 kan laifukan intanet, wadda ta tanadi hukunci ga mai kutsawa na'urar wani ba izini. Sannan irin waɗannan shafuka cike suke da tallan yaudara da maɓallan da in ka danna za su sauke maka abin da zai kwashe sirrin wayarka, wayar da kuɗin cinikinka na Orange Money ko MoMo suke ciki.

Yanzu bari in juyo kanka. Kai ɗan kasuwa ne, kuma na san yadda ake yi daga Kuseri har Injamena: a sayo kyamara mai araha, a kira yaro ya kafa, ya jona ta da waya, a biya shi ya tafi. Wa ya canza kalmar sirrin? Galibi babu. Wa yake riƙe da ita? Yaron, da duk abokin da ya nuna wa. Kyamararka tana kallon akwatin kuɗi, tana nuna ƙarfe nawa kake rufewa, wace ƙofa ce ba mai gadi. Wasu har cikin gida suke kafawa, tsakar gidan da iyali ke zama ba lulluɓi. Ƙofa ce aka yi mata ƙyaure na ƙarfe aka rataye makullin a waje.

Yau ɗin nan, kafin ka rufe shago, shiga saitin kyamarar ka sa sabuwar kalmar sirri mai tsawo, ba sunan ɗanka ba, ba lambar wayarka ba. Goge asusun wanda ya kafa ta. Kashe UPnP, saitin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa waje, a na'urar da ke raba intanet ɗin. In akwai sabuntawa, yi ta. Rubuta kalmar a littafin da kake rubuta bashi, tunda shi ba ka wasa da shi. Kuma kada ka sa kyamara a ɗakin kwana ko da kyauta aka ba ka. Wanda ya turo shafin a zaurenku, ka gaya masa ya goge, ka faɗa masa dalili a gaban kowa.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Ngaundare: Kyamarar da nake kallo hotonta ba ya motsi. Rezo ne?

A'a, Malam. Da yawa, musamman na hukumomin tituna, hoto suke ɗauka duk bayan 'yan mintoci. Duba kwanan wata da lokacin da ke gefen hoton. In na jiya ne, kyamarar ta tsaya, nemi wata. Irin waɗannan su suka fi dacewa da aji, ba sa cin mega.

Tambaya daga wani dattijo a Injamena: Musulmin can ƙuryar arewa yaya suke salla da azumi? Kuma in ina kallonsu, suna ganina?

Baba, ba sa ganinka, hanyar ɗaya ce, kana iya kallo da singileti. Akwai masallaci a Tromso, kuma a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa jama'arsa suna bin lokutan Makka. Bayanin hukuncin sai ka kai wa limaminku, ni nawa waya ce da kwamfuta.