Yafe wa ƙane ba ya soke haƙƙin gado

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka ya sayar da gonar gadonku da ke Wamakko ba da saninka ba, kuna gaba tun lokacin, kuma kana tsoron idan ka yafe masa ka zubar da haƙƙinka.

A ganina abubuwa biyu ne suka cuɗe maka. Fushinka yana da dalili, domin an taɓa dukiyarka da girmanka na babban wa, kuma aya ta 134 a Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi, wanda ke nuna cewa mutanen kirki ma suna jin sa. Matsalar ita ce riƙo, wanda ke hana barci, yana iya ƙara wa mai hawan jini wahala, sannan ya gadar wa 'ya'yanku gabar da ba su san mafarinta ba. Hadisi ingantacce ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Maganar gona kuwa tana nan daram. Ka fara da sallamar, sannan ka nemi baffanninku ko limamin unguwa su zauna da ku, a lissafa kason kowa, har da na mata, waɗanda sau da yawa a nan Sakkwato kunya ke hana su magana. Idan sulhu ya gagara, uban ƙasa yana nan, kotun shari'a kuma tana da hurumin rabon gado, sai dai ka tafi da shaidun da suka san iyakokin gonar.