Mece ce kishiyar son kai da nuna bambanci?

Wani malamin lakwal daga Tawa ya aiko da tambaya. Ya ce ɗalibansa sun san son kai da son zuciya da nuna bambanci, amma da ya nemi kishiyarsu sai aji ya rabu uku: wasu suka ce adalci, wasu raba daidai, wasu kuma zama ɗan ba-ruwana. Su wa ke da gaskiya?

Malam, ka ba masu adalci makinsu cikakke. Asalin kalmar Larabci ne, amma ta daɗe da zama ƴar gida, har Hausa ta ɗaura mata ɗafin nan -ci da muke gani a zalunci da shugabanci. Mai yin sa adali ne. Kunnenmu ya saba da ita tun muna yara, domin limamai da yawa kan rufe huɗubar Juma'a da aya ta 90 ta Suratun Nahli, inda Allah ya yi umarni da adalci da kyautatawa. Ma'anarta a taƙaice: a ba kowa haƙƙinsa, ba tare da duban wane ne shi a wurinka ba.

Masu raba daidai sun kama ƙafa ɗaya. Akwai inda adalci shi ne raba daidai ɗin. Dubi watanda ana gobe Salla: an yanka sa, mahauci ya kasa nama kashi-kashi a kan tabarma, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da ɗan yankin hanta, masu kuɗi sun zagaye shi da ido. Kowa kuɗi ɗaya ya zuba, saboda haka in aka ga kashin surukin mahauci ya fi tudu, magana ta tashi. Haka rabon kwana tsakanin matan mutum ɗaya. Daga can ne ma muka samo kalmomin da suka fi kowanne fallasa mai nuna bambanci, mowa da bora, har suka fita daga gidan aure suka shiga siyasa, kana jin ana cewa wannan jiha ƴar mowa ce, waccan ƴar bora. To amma je ka wurin rabon gado. Matar mamaci mai ƴaƴa tumuni take samu, wato ɗaya cikin takwas, ɗa namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ba a raba daidai ba, kuma a shari'a an yi adalci. Ko kai, Malam, in ka ba wanda ya yi karatu da wanda ya kwana yawo maki ɗaya, ka raba daidai, amma ka zalunci na farko.

Masu ba-ruwana kuwa sun yi nisa da hanya. Kalmar ta yi suna ne da ƙungiyar ƙasashe ƴan ba-ruwanmu da aka kafa a 1961, waɗanda suka ƙi bin Amurka, suka ƙi bin Tarayyar Sobiyet. A tsakanin ƙasashe wannan matsayi ne mai daraja. A cikin unguwa fa? Mai unguwar da aka kai wa ƙarar an ci iyakar gonar marayu ya ce ba ruwansa, ai ya riga ya zaɓi ɓangare, na mai ƙarfi. Adali yana da ruwa da tsaki a cikin magana; yakan saurari kowa, sannan ya faɗi mai gaskiya ko da abin zai yi wa nasa ɗaci.

Wata baiwar Allah daga Bukoki a Yamai kuma ta ce ta ji ana yabon wani alƙalin kokawa da cewa "ba sani ba sabo" yake aiki, ita kuwa ta ɗauka zagi ne.

Hajiya, yabo ne, kodayake ba ki yi kuskure ƙwarai ba. Sani da sabo su ne ƙofofin da son kai ke shigowa ta cikinsu, shi ya sa Bahaushe ya ce so hana ganin laifi, ya kuma ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. A gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, in ɗan jiharka ya dafa ƙasa ka daure ka ce ya faɗi, ka yi ba sani ba sabo. A ganina ita ce kishiyar son kai mafi kaifi da Hausa ta ƙera da kanta, ba aro. Sai dai takan ɗauki wata fuska: in aka ce jandarmomi sun shiga kasuwa ba sani ba sabo, ana nufin sun yi kan mai uwa da wabi, mai laifi da marar laifi duk sun sha. Abin da ya zo gabanta da bayanta shi ke nuna wace ake nufi.

Akwai kuma "tsakani da Allah", wadda ke magana a kan niyya, ba a kan rabo ba. Ita ake faɗa wa mai awon gero da ke cika tiya ko mai saye ya kau da kai.