An samu amaryata da kilamidiya, ni kuma gwajina ya fito lafiya: cin amanata ta yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Wata tara ke nan da na ƙara aure. Amaryar bazawara ce, ta shekara guda da rabuwa da tsohon mijinta kafin a ɗaura mana. Kwanan baya ta yi ta fama da ciwon mara da ɗigon jini bayan saduwa, aka gwada ta a asibiti aka ce tana da wata cuta wai ita kilamidiya, kuma ta hanyar jima'i ake ɗaukarta. Na kai fitsarina wani ɗakin gwaji a unguwarmu, aka ce ba komai. Uwargidana shekararmu goma sha ɗaya, ba ta taɓa kukan irin wannan ba. Amarya ta rantse ba ta san wani namiji ba tun da ta bar gidan tsohon mijinta. To idan ni ba ni da ita, ina ta samo ta? Ba na iya barci, har na fara tunanin rubuta mata takarda.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ajiye alƙalamin nan tukuna, don takardar gwajin da ke hannunka ba ta faɗi abin da kake zaton ta faɗa ba. Iyakar abin da gwajin kilamidiya yake nunawa shi ne akwai ƙwayar cutar a jiki ranar da aka ɗauki samfur. Ba ya nuna ranar da ta shiga, ba ya nuna wanda ya kawo ta. Babu likitan da zai kalli wannan takarda ya ce maka an ci amanarka ko ba a ci ba.

Gaskiya ne ta saduwa ake ɗaukarta. Ba a kwasarta a kan masai, ko a buta, ko a tawul. Na san sau da yawa akan ce wa ma'aurata "cutar banɗaki ce" don a kashe wutar rigima, amma wannan ƙaryar tana da tsada: miji ya ɗauka abin bai shafe shi ba, ya ƙi shan magani, matar ta warke ya sake zuba mata. Saboda haka ba zan rufe ka ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne halin ƙwayar. Sunanta Chlamydia trachomatis, kuma ɓoyo ne sana'arta. A cikin ƙwayoyin halittar bakin mahaifa da na hanyar fitsari take zama, kuma mafi yawan matan da ke ɗauke da ita, da maza masu yawa, ba sa jin komai, ba ƙaiƙayi ba ruwa ba zafin fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, kuma shirun nan nata ne ya sa take yaɗuwa haka. Tana kuma daɗewa. A wani bincike da aka wallafa a 2005, an bi wasu mata a ƙasar Kolombiya shekara da shekaru, aka ga kusan rabinsu suna nan da cutar bayan shekara guda, wasu kuma har bayan shekara biyu da uku. Yanzu ka lissafa: shekara guda na zawarci da wata tara na aurenku, wata 21 ke nan. Bai fita daga abin da ƙwayar nan take iya yi ba. Idda tana tabbatar da babu ciki ne, ba ta wanke cuta. Gwajin kafin aure ma, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, na jini ne da ke neman HIV da ciwon hanta da jinsin sikila, kilamidiya kuwa ba a nan ake ganinta ba. Ke nan yana yiwuwa ƙwarai ta fito da ita daga gidan tsohon mijinta ba tare da ita kanta ta sani ba, rantsuwarta kuma ta zama gaskiya.

Sai gwajinka, wanda a kansa ka gina dukan zargin, kuma shi na fi shakka. Idan mutum ya kai fitsari ɗakin gwaji na unguwa, yawanci shuka shi ake yi a faranti a jira kwana biyu ko uku a ga abin da zai tsiro. Kilamidiya ba ta tsirowa a irin wannan faranti, domin ba ta rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Ko jikinka cike yake da ita, sakamakon zai ce ba komai, ko kuma a rubuta maka "Staph" a haɗa ka da allurai na babu gaira babu dalili. Wani abin kuma, a wancan gwajin cewa ake yi ka zubar da farkon fitsari ka tari na tsakiya, alhali ita a farkon fitsarin take, shi ne yake wanko ta daga bututun fitsari. Gwajin da ke kama ta shi ne PCR, irin fasahar da aka yi ta ji lokacin korona, wani lokaci a rubuta NAAT a takarda. Namiji zai ba da farkon fitsari bayan ya yi aƙalla awa guda bai yi ba, mace kuma a ɗauki ruwan gabanta da ɗan tsinke mai auduga, tana ma iya ɗauka da kanta. Ba kowane wuri ake yinsa ba, sai ka tambaya a asibitin koyarwa ko manyan ɗakunan gwaji, kuma ya fi tsada. Ka duba takardar amarya ma. Idan da jini aka gwada ta aka rubuta IgG, to mai yiwuwa sawun tsohuwar kamuwa aka gani, wanda kan zauna a jini shekaru bayan cutar ta wuce.

A ce ma PCR ɗin ka yi ya fito babu, wannan bai wanke ka ya shafa mata ba. Ba kowace saduwa ce ke watsa ta ba, kuma sananne ne a samu ɗaya daga cikin ma'aurata da ita ɗayan babu. Jiki kan kawar da ita da kansa. Sannan ka tuna watannin nan: ka sha azithromycin ko doxycycline don taifot, ko tari, ko ƙuraje? Magungunan nan da ake saya a kemis kamar gyaɗa su ne ainihin maganinta, suna iya share ta daga jikinka ba ka ma san ta taɓa shiga ba. In haka ne, yana yiwuwa ta kanka ta bi ta isa ɗakin amarya. Ban san tarihinka ba, kai ka san shi, kuma adalci ne ka auna kanka da mudun da kake auna ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ma daban ne: mace mai ciwon mara da jini bayan saduwa, ba ka ce ko ta fara shan magani ba. Idan ƙwayar ta haura daga bakin mahaifa ta kai bututun da ƙwai ke bi, tana kumbura shi ta bar tabo. Tabon nan shi ke toshe hanya a rasa haihuwa, ko ciki ya zauna a bututu ya fashe, abin da ke iya kashe mace cikin sa'o'i. Magani yana kashe ƙwayar, ba ya goge tabon da ya riga ya zauna, kuma duk sake kamuwa ƙara haɗarin take yi. Lallai likita ya duba ta ya tabbatar ko ta haura, domin in ta haura maganin haɗi ne na mako biyu. Zazzaɓi, ko amai, ko ciwo mai tsanani a gefe guda na mara musamman in al'adarta ta makara, wannan na asibiti ne a ranar, ba a kwana da shi.

In ba ta haura ba maganin mai sauƙi ne: doxycycline miligiram 100 safe da yamma kwana 7, a sha da ruwa mai yawa, kada a kwanta nan take, kada a haɗa shi lokaci guda da madara ko nono ko maganin ƙarin jini. Mai juna biyu ba a ba ta shi, azithromycin giram 1 ake ba ta sau ɗaya, shi ya sa ake fara gwajin ciki. Mai ciki kuwa dole a yi mata, don jariri na iya kwasa wajen haihuwa, idonsa ya yi ruwa a mako biyun farko ko ta zama ciwon huhu daga baya.

Ku uku ne marasa lafiyar, ba ita kaɗai ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a yi wa abokin kwanciyar mai cutar magani ko da gwajinsa bai nuna ba, don haka kai za ka sha. Uwargida ma a gwada ta a yi mata, shirun jikinta ba hujja ba ne. Kowa ya fara a lokaci guda, kuma babu kusantar kowace a cikinsu sai kowa ya kammala kwana 7, wadda ta sha na sau ɗaya ma sai ta cika mako. Rabon kwana ya ci gaba, saduwar ce za a dakatar. In aka yi wa ɗaya aka bar biyu, cutar za ta yi ta zagaya ɗakuna da ranar girki. Ku haɗa da gwajin ciwon sanyi da tunjere da HIV, tun da hanyarsu ɗaya.

Yadda za ka faɗa wa uwargida yana buƙatar hikima, ka fi ni sanin gidanka. Ba sai ka ce daga ɗakin wance ta fito ba, tun da kai ma ba ka da tabbas, kuma kalma irin wannan in ta fita tsakanin kishiyoyi ba ta komawa. Ya isa ka ce likita ya ce akwai cutar da ma'aurata ke ba juna ba da sani ba, kuma ya ce duk gidan a yi magani tare. In ka ga bakinka zai yi nauyi, ka kai ta likitan ya yi mata bayani da kansa.

Kada ku yi gaggawar maimaita PCR da zarar kun gama, domin gawar ƙwayar kan sa ya nuna akwai har wajen mako uku zuwa huɗu, sai zargi ya dawo sabo a banza. Mai ciki ce ake sake gwadawa bayan mako huɗu. Sauran ku bari sai bayan wata uku, ku koma ku duka ukun.