Kaya daga Duwala zuwa Kuseri: jirgin ƙasa ko tirela?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce kana da kwantena biyu da za su sauka Duwala, kana so su isa Kuseri, garin da ke iyakar Kamaru da Cadi, kuma kana tambaya ko jirgin ƙasa ya fi ko tirela. Na daɗe ina harkar kaya a Ngaundare, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, ko ka zaɓi jirgi sai ka nemi mota, domin layin dogon Kamaru a Ngaundare ya tsaya. Tun 1974 da ya iso garin bai ƙara gaba ba, ko da yake shekara da shekaru ana maganar jan sa zuwa Njamena.

Daga Duwala zuwa Yawunde jirgi na cin kilomita kusan 260, daga Yawunde zuwa Ngaundare kuma 622. Kamfanin Camrail ne ke riƙe da layin tun 1999. Kaya masu nauyi waɗanda ba sa lalacewa, irin su siminti, ƙarfe, shinkafa da taki, jirgi ya fi musu sauƙi, kuma ka huta da shingayen hanya. Matsalarsa jira: layi ɗaya ne, taragai ba su wadata ba, kuma manyan kamfanoni ake fara sallama kafin a waiwayi ƙaramin ɗan kasuwa. In kuɗin mutane ne a cikin kayan kuma sun ƙi jinin jinkiri, to ka yi lissafin wannan tun yanzu.

In tirela ce tun daga bakin teku, kada taswira ta ruɗe ka. Motoci ba sa miƙewa arewa kai tsaye, sai sun yi gabas ta Ayos, Abong-Mbang, Bertoua, su kai Garoua-Boulai a iyakar Afirka ta Tsakiya, inda masu zuwa Bangui ke rabuwa da ku, sannan Meiganga, sannan Ngaundare. Akwai kwalta, amma hanyar cike take da motocin katako, ga ma'aunin nauyi. Ka gargaɗi direba kada ya ƙara kayan wani a kan naka don ya ci riba biyu. In sikeli ya kama shi, kayanka ne za su kwana. Kuɗin shingen hanya na hukuma sefa 500 ne, wato dala ɗari. Sauran abin da ke fita daga aljihun direba ba shi da rasiti, don haka ku gama magana tun a tasha kan wa zai ɗauki nauyinsa.

Wahalar gaskiya bayan Ngaundare take. Da ka bar gari ba da nisa ba sai gangaren dutsen nan da ke sauka zuwa Mbe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, inda birki ke ƙonewa. Ni ba na ba direban da bai san wurin ba kayana, komai arhar da ya yi mini. Daga nan Garwa, a haye gadar Binuwai, sai Marwa, sai Mora. Tsakanin Mora, Waza, Dabanga da Kuseri, kilomita kusan 200, nan ne ake karya mota. An fara gyaran hanyar, sai Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan China 10 a Waza a watan Mayun 2014, aiki ya tsaya, aka yi ta faro shi ana dainawa. Ƙasar wurin laka ce, da damina tirela na iya nutsewa har gatari, da rani kuma ƙura da ramuka. Ba a bin ta da dare.

Shi ya sa zan tambaye ka: Kuseri ce ƙarshen tafiyar, ko ƙetare gadar Ngueli za a yi zuwa Njamena? In Cadi kayan za su, direbobi da yawa sun gwammace su bi ta Touboro daga Ngaundare su shiga Moundou a kudancin Cadi, su haura daga can. Amma wannan sai takardun kwastan ɗinka na kayan wucewa ne, ba na shigowa Kamaru ba, kuma tun a Duwala ake tsayar da wannan. Ka nemi wakilin fito mai lasisi, kada ka miƙa takardunka ga ɗan kamashon bakin ƙofa don kawai yana jin Hausa.

Ka kuma duba takardar jirgin ruwan da kyau. Tun 2018 tashar jiragen ruwa ta Kribi, kudu da Duwala, ke aiki, kuma manyan jirage da yawa can suke sauke kaya, domin Duwala a bakin kogin Wouri take, sai ana yashe ta kullum. Na ga wanda ya aika mota Duwala alhali kwantenarsa na Kribi.

Da kayana ne, in kayan ba na gaggawa ba ne, jirgi zuwa Ngaundare, sannan tirela mai lafiyayyun tayoyi, kuma in yi ƙoƙari su wuce Waza kafin ruwa ya zauna a watan Yuli. Kai kuma in za ka raka su, ka hau jirgin dare daga Yawunde, ka sayi tikitin ɗakin kwana tun da wuri, ka riƙe katin rigakafin shawara a aljihu. Faɗa mana irin kayan da watan da za su sauka, sai in gaya maka wanda ya fi. Allah ya kawo su lafiya.