Mece ce ma'anar "ranking"?

Tambaya: Malam, ina koyon Sifaniyanci, sai na ga "ranking" a shafin wasanni na jaridarsu. Ashe ba Turanci ba ce? Me take nufi?

Amsa: Malama, Turanci ce, aro suka yi. Tushenta "rank", wato matsayi ko sahu, kuma Turanci ma daga tsohon Faransanci ya samo ta. Ma'anarta jera mutane ko abubuwa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe bisa wani ma'auni, kamar jadawalin ƙasashe da FIFA ta fara fitarwa a 1992.

Sifaniyanci yana da nasa kalmomin. "Clasificación" ita ce ta gama-gari, ita za ki gani a teburin gasar La Liga. "Escalafón" kuwa ta tsanin muƙamai ce, kamar na soja ko ma'aikatan gwamnati. Hukumar harshen Sifaniyanci ta ba da shawarar a rubuta "ranquin", amma 'yan jarida ba su cika bi ba. Ni dai na fi son "clasificación", don kowa zai gane ki.

Kada ki haɗa "ranking" da "rating": "rating" maki ne, biyu na iya samun iri ɗaya.